Ƙidayar Tasha ta Tara

Daga ranar da aka buɗe sabon layin jirgin ƙasa, babu mazaunin birnin da zai sake jiran abin hawa fiye da minti shida. Zamanin shanya kai a bakin titi ya wuce, kuma duk wanda ya makara bayan wannan rana, halinsa ne. Haka aka rubuta a shafin farko na littafin jadawalin da hukumar jirgin ta raba gida-gida, a ƙarƙashin hoton wani mutum mai fararen haƙora yana duba agogo.

Sakatare ya karanta shafin sau biyu yana gyaɗa kai. Shekara goma sha tara yana riƙe da littafin ƙungiyar unguwa, kuma yana ganin girman duk abin da aka buga da inji. Sai da ya kai shafi na sha ɗaya ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

Tasha goma sha shida ce a layin. Daga ƙarfe shida zuwa goma na safe, jirgi kowane minti shida, ba a yi ƙarya ba. Amma jiragen safe masu sauri ne, ba sa tsayawa a tashoshi uku da aka ɗiga wa tauraro. In mutum ya bi tauraron zuwa ƙasan shafi, zai tarar da ƙananan haruffa: ƙarancin fasinja, sai bayan ƙarfe goma, jirgi ɗaya a awa. Tasha ta Tara, wadda yake hango rufinta daga tagar ɗakinsa, tana da tauraro.

“Me suka ce, Malam?” in ji matarsa daga kan tabarma.

“Ina dai dubawa.”

“Tun ɗazu kake duba shafi ɗaya.”

Gwaggo ake ce mata a unguwar, har waɗanda suka girme ta. Litinin, Laraba da Juma'a tana zuwa wankin ƙoda a babban asibitin da ke gaban Tasha ta Sha Biyar, ƙarfe takwas daidai. Sai da ta yi shekara biyu a jerin masu jira kafin ta sami wannan gurbi, kuma dokar wurin a fili take: wanda ya makara sau biyu, a ba na bayansa gadon. Bas ɗin da ke kai ta za a janye shi ranar buɗe layi, tun da ga jirgi. Katangar layin kuma ta datse babban titi, mota sai ta yi zagayen awa ɗaya da rabi cikin cunkoso. Babur kuwa, likita ya hana ta saboda hannun da ake sa allura.

Sakatare ya san daga inda tauraron ya fito, shi ya sa tabarau ya ƙi goguwa. Bara, wata Talata da la'asar, mutum huɗu masu rigar ruwan ɗorawa suka tsaya a tashar bas da alluna a hannu, suna kallon jama'a suna rubutu. Shekara uku kafin nan an ga masu irin wannan riga da irin waɗannan alluna, kuma abin da ya biyo bayansu shi ne jan fenti, sai katafila, sai gida goma sha ɗaya da layin shaguna suka zama fili. Saboda haka a yammacin ranar Sakatare ya kira taro, ya miƙe tsaye, ya bayyana cewa duk wanda ya bari aka ƙirga shi ya sa hannu a rushe gidansa. Kwana biyar unguwa guda tana bin lungu zuwa tashar bayan kasuwa, ma'aikata da ɗalibai da masu talla, wasu har da sauya hula. Masu alluna suka yi ta hamma a tashar da ba kowa, suka tattara suka tafi. Sakatare ya rubuta a littafin ƙungiya: an yi nasara.

Da safe ya sa rigarsa ta zuwa ofis ya fita. Mai Faci, maƙwabcinsa, yana zaune kan taya da nasa jadawalin a cinya.

“Ranka ya daɗe, janar ɗinmu. An ce mun sami tauraro. Wasu unguwannin ko ɗigo ba a ba su ba.”

“Ka bar wasa, abin gyara ne.”

“Wane gyara? Mun ɓuya, ba a gan mu ba. Ai dabararka ta ci. Ni har gemu na rufe da mayafin matata.”

A hawa na uku na ofishin hukumar, bayan an aika shi ɗaki huɗu, ya sami mai tsara jadawalin. Yarinya ce sa'ar 'yarsa ta biyu, ga taswirar layin ta cinye bango guda a bayanta. Ta ba shi kujera, ta saurare shi har ƙarshe, abin da ya ƙara karya masa gwiwa.

“Baba, ba mu muka ƙi ku ba. Lissafi ne.” Ta juyo masa da allon kwamfuta. “Safiya biyar aka ƙirga. Ranar da kuka fi yawa, mutum goma sha huɗu.”

“Mun fi dubu biyu masu fita da safe, 'yata.”

“To ina kuka shiga?”

Ya dubi taswirar. Ya dubi takalminsa. Daga nan ya faɗa mata, tiryan-tiryan, har da hula da lungu. Ta ɗan rufe baki da hannu, ta yi tari, ta nemi gafara.

“Ku tsayar da guda ɗaya kawai,” ya ce. “Na bakwai da kwata. Minti nawa ne tsayuwar?”

“Daƙiƙa arba'in. Da rage gudu da tashi, minti ɗaya da rabi. Amma na bayansa yana tafe minti shida, na bayan wancan ma haka. In na taɓa ɗaya, na taɓa arba'in, kuma shida ta zama bakwai da rabi.”

“Sai me in ta zama?”

“An riga an buga shida, Baba. Tana jikin kowane allo a gari.”

“A sake ƙirga mu. Wallahi zan fito da kowa, har na goye.”

“Za a sake. Bayan shekara biyu. Za a ƙirga masu shiga jirgin safe a tasharku.”

“Jirgin da ba ya tsayawa?”

Ta gyara takardun gabanta da ba su karkace ba. Ta ba shi fom ɗin koke, ta nuna masa inda zai sa hannu.

Ranar Litinin ta farko bayan buɗe layin suka fito ƙarfe shida, suka nufi Tasha ta Takwas da ƙafa. Tafiyar minti talatin ce ga mai lafiya. Gwaggo takan yi taku hamsin ta dafa katangar layin, ta huta a bakin shagon da ba a buɗe ba, ta miƙe. Ta bayan katangar jirage na wucewa, kuma Sakatare, da ba ya iya barin ɗabi'a, ya duba agogo ya tabbatar minti shida ne cif. Suka isa asibiti tara saura. Nas ɗin ta karɓe su, ta ɗiga alama a gaban sunan Gwaggo ba tare da ta ɗago kai ba.

A hanyar dawowa ya buɗe baki zai yi magana a kan taron bara.

“Malam, ni ma na bi lungun,” ta ce. “Riƙe min jakar nan.”

Ranar Laraba ya tashi da wuri ya shirya, ya tarar da ita zaune da kayan gida a jikinta.

“Na yi magana da nas tun shekaranjiya, lokacin da ka je karɓo magani. Na bar musu gurbin safe. Sun ba ni na ƙarfe biyu.”

“Akwai gado da rana?”

“Akwai. Litinin da Juma'a.”

“Laraba fa?”

“Likita ya ce sau biyu ma ya isa.”

Shi ne mai raka ta ɗakin likita tun farkon ciwon, kuma ya san abin da likita ya ce game da sau biyu: ruwa zai taru mata a jiki. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗan kofin da take auna ruwan shanta na yini, ta cika shi daga buta, ta ɗaga shi ta duba. Sai ta mayar da rabi cikin butar, ta shanye sauran a hankali.