Ƙibar Shu'aibu

Abdu tela ya tsinke zaren ƙarshe da haƙora, ya kakkaɓe taguwar, ya miƙa wa Shu'aibu.

"Bara ka kawo in rage, bana ka kawo in buɗe. Kai dai direba ba ka barin mutum ya huta."

"Ɗelu ce ta matsa. Wai na yi ƙiba."

Shu'aibu ya zura taguwar. Shuɗiyar shadda ce da ya ɗinka zamanin da yake jan bashe, motar a-kori-kura, tsakanin Maraɗi da Jibiya, Abdu na karen motarsa. A lokacin shi kaɗai yake cicciɓar buhun gyaɗa ya aza a mota, har 'yan tasha suka sa masa suna Giwa. Da ciwon daji ya kama masa ƙoda ya bazu, sai ya koma kamar sanda. Likitan Yamai ya ɗora shi kan wasu ƙwayoyi masu tare wa ƙarin hanyar jini. Sun yi aiki, ƙarin ya tsaya. Yanzu ga jiki ya ciko, mutanen unguwa na tare shi suna yi masa barka.

Abdu ya ja kafaɗar taguwar, ya ga tana reto. A ciki kuwa ta ɗame. Ya dubi ƙasa, igiyar takalmi ta nutse cikin nama.

"Wace irin ƙiba ce wannan da ta manta da wuya?"

Shu'aibu ya hau gyara wuyan taguwar. Tun ranar farko likita ya gaya masa: maganin na iya tada hawan jini, ya gajiyar da zuciya. In ƙafa ta kumbura ko numfashi ya gajarta, a kira shi nan take, wataƙila a dakatar da ƙwayoyin. Dakatarwar ce ba ya son ji. Ba shi da wani abin tare ciwon sai su.

"Ka tuna ranar da injin ya tafasa bayan Ɗan Isa?" in ji Abdu. "Na ce mu tsaya, ka ce mu ci gaba."

"Ai mun isa."

"Mun isa mana. Ni ke turi, kai kana zagin motar."

Shu'aibu ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Da ya fito daga shagon, ya ƙi hawa kabu-kabu, ya bi ta bakin tafki. A nan shi da Abdu suke wanke bashe a da, kowace Juma'a da safe. A nan ya fara ganin matarsa Ɗelu da faranti a ka, tana tallar soyayyen kifi, ta ce da shi direban da ba ya sayen kifi ba direba ba ne. Yau bai kai lambunan farko ba sai da ya zauna kan wani kwalekwale da aka kife, ƙirjinsa na harbawa. Ya danna yatsa a ƙwaurinsa. Ramin ya zauna, ya ƙi cikowa.

Ya tarar da Ɗelu a tsakar gida tana tsinkar zogale.

"Iye! Giwa ta dawo!"

Ya tsaya, ya juya mata gaba da baya, kamar yadda yake yi da sabon ɗinki ran sallah. Sannan ya zauna kan tabarma, ya jira numfashinsa ya daidaita.

"Ɗelu, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne."

Ba ta ɗago kai ba.

"Na sani, Malam. Mai ƙiba ba ya kwana a zaune."

"To me ya sa kike ta yabo?"

"Tun da aka fara yi maka barka ka koma fita. Ka je masallaci da ƙafarka, ka je wurin Abdu. Na ce bari ka ɗan ƙara ji." Ta goge hannu a zani. "Yau dai na ce ya isa. Na yi wa ƙanena Mahaman magana, gobe da safe motarsa za ta kai mu asibitin Maraɗi."

Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwayar yamma da kofin ruwa a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ta ajiye su gabansa, ta koma kan zogalenta.

Shu'aibu ya daɗe yana kallon ƙwayar. Sannan ya tura kofin gefe, ya miƙa mata wayar.

"Nemo mini lambar likitan. Amma ke za ki fara magana."