Ranar da Yaya Sulabha ta zo cin gurasa

Shekarar da damina ta yi mana rowa, majalisar ministocin jiharmu ta yanke cewa ruwan dam na mutanen birni ne tukuna, su sha. Aka rufe magudanar da ke kawo wa gonakinmu ruwa. Ni eka biyu ce tawa ta rake, ina ji ina gani ganyen ya fara nannaɗewa.

Abin da ya fi ci wa ƙauyenmu rai shi ne yayata Sulabha tana cikin majalisar, ita ce ministar makarantu. Baba ne ya sayar da sansa ya kai ta karatu, ni kuwa a aji biyar na tsaya. Duk inda na zauna shan shayi sai Kawu Dhondiba, maƙwabcinmu, ya tsokane ni: "Nivrutti, ƙanin gwamnati, ko za ka ɗan tofa mana yawu a gona?" Sai in yi dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce abu ɗaya yake son ji daga bakinta: ranar da aka zauna kan maganar ruwan, ta ce a'a ko ba ta ce ba? In ba ta faɗa ba, ya rantse ba zai ƙara cin abinci da ita ba. Wannan ya dame ni fiye da raken, don tun rasuwar Inna mu uku muka rage.

Ta zo ran Lahadi da hantsi. Ta bar mota a bakin hanya, ta cire takalmi a ƙofa, ta durƙusa ta taɓa ƙafar Baba. Na gasa gurasar dawa, na fasa albasa, na zuba miyar wake a faranti uku. Baba ya ture nasa gefe, ya yi tambayarsa.

Ta ce ba za ta iya faɗa ba. Ranar da Gwamna ya rantsar da ita, rantsuwa biyu ta yi, ɗaya ta aiki, ɗaya ta riƙe sirri. Abin da aka faɗa a ɗakin zaman ministoci, a ɗakin yake kwana. Kuma in Babban Minista, shugaban gwamnatin jihar, da ministocinsa sun yanke magana, ta zama ta kowa, tare suke amsa ta a gaban 'yan majalisar dokoki. Ba a cewa wane ne ya so, ni ban so ba.

Baba ya ce shi ba majalisa ba ne, ubanta ne. Na sa baki a hankali, na ce ko da ido ne ta yi mana alama, ba mai ji. Ta dube ni ta ce, "Auta, ido ma baki ne."

Gurasa tana ta hucewa. Can ta ce hanya ɗaya ce ta rage.

"Baba, in kana so in tsaya a kasuwa in ce ban yarda da rufe ruwan ba, sai na ajiye kujerar tukuna. Ka ce in ajiye. Yau ɗin nan zan rubuta wa Babban Minista."

Baba ya daɗe yana murza gashin bakinsa. Ya tambaya ko ruwan zai dawo in ta ajiye. Ta ce a'a. Ya tambaya wa za a ba kujerar. Ta ce wannan zaɓin Babban Minista ne, amma a ministocin yanzu ita kaɗai ce ta taɓa riƙe fartanya.

Ya juyo gare ni, ya ce ai rakena ne ke mutuwa, ni me na gani? Ban saba a tambaye ni ba. Na ce raken dai ya riga ya tafi, zan sare wa shanu. Amma baɗi ma ministocin za su zauna kan ruwa, gara a ce da wanda ya san ƙamshin gonar da ta bushe.

Baba ya jawo farantinsa. Ya raba gurasarsa biyu, ya ɗora rabi a nata.

"Ci. Ban ce na huce ba."

Washegari ina saran raken Kawu Dhondiba ya leƙo, yana son jin ko ta ce a'a. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Har yau ban sani ba. Ya yi tsaki, ya tsaya yana kallona, sannan ya ce in ya taya ni sara zan ba shi dami biyu na shanunsa? Na miƙa masa adda.