Kunnen Mamani

Shekara biyar Mamani ya yi a kaso a Maradi saboda bijimai biyu da ba nasa ba, amma ɗiyarsa Kausar abin da ta sani shi ne babanta ya tafi nema Aljeriya. Tun tana ƴar shekara huɗu uwarta ta kwashe ta daga Rumbu zuwa dangi a Sabon Maci, inda ba wanda zai yi mata gori. Ko guntun kunnensa na hagu, wanda mutane suka datse ranar da aka kama shi a kasuwar dabbobi ta Dakoro, an nema masa labari, wai injin niƙa ne ya cinye shi a can. Har alfahari Kausar take yi da wannan inji a lakwal, gaban ƴan ajinsu. A duniya babu abin da Mamani yake tsoro kamar ranar da za ta ji gaskiya.

Bayan ya fito ya same su a Sabon Maci, da ta dame shi da roƙo ya kai ta Dakoro ta ga sinima, sai ya ce a ransa shekara biyar ba kwana biyar ba ce, ai mutane sun manta. Ya naɗa rawani ya rufe kunnen, ya goya ta a bayan moto, wato babur, ranar kasuwa. Ya saya mata jan takalmi, suka ci tsire, bayan azahar suka shiga.

Sinimar dai suna ne ya yi mata yawa. Rumfar kwano ce da benci, zafi kamar tukunya, da ƙatuwar tele a gaba. Fim ɗin na ƙasar waje ne, ba mai jin yarensa, don haka akwai Abdoulaye mai fassara, wanda ke zama gefe da lasifika yana sa wa ƴan fim magana a baki. Ɗabi'arsa ce ya raɗa musu sunayen mutanen da ke zaune a rumfar. Wanda ya miƙa masa goro, ran nan shi ne jarumi.

Nan Mamani ya yi wautar da ba zai yafe wa kansa ba. Ya so ƴarsa ta ji sunansa a kan jarumi, ko sau ɗaya. Ya je gaban Abdoulaye ya sunkuya da farin goro a hannu, rawanin ya ɗan zame.

Abdoulaye ya dubi kunnen, ya dubi fuskar, ya yi murmushi. "Mamani na Rumbu ko? An gama, malam. Tahi ka zamna."

Aka fara. Mutum uku da fuskoki a rufe suka fasa shagon zinariya, suka harbe mai gadi. Da ɗan sandan da zai bi sawunsu ya fito, Mamani ya taɓa Kausar don ta saurara.

"Ga komisar Hamid ya iso!" in ji Abdoulaye. Hamid mahauci da ke bencin gaba ya ɗaga hannu, aka yi masa tafi.

Can sai shugaban ɓarayin ya cire ƙyallen fuskarsa.

"To jama'a, wanga kuwa kun san shi. Mamani na Rumbu!"

Kausar ta yi tsalle a kan benci. "Baba, sunanka! Sunanka ne!"

Babu wata gaba tsakanin Abdoulaye da Mamani, ko akuyarsa bai taɓa ɗauka ba. Dariya kawai yake nema, ita ce abincinsa, kuma ya ga inda take. Ɓarawon fim yana zuba zinariya a jaka, lasifika tana cewa, "Ni zinariya ba ta dame ni ba, ku samo mini bijimai biyu!" Dattawan da suka tuna suka fara waiwaye. Wanda ya sani ya raɗa wa wanda bai sani ba, dariyar ta bi benci benci har ta iso bayansu.

Mamani ya so ya tashi, amma suna tsakiyar benci, tashin kuma shi ne amsa laifi. Ya zauna yana roƙon Allah ya sa wuta ta ɗauke. Wutar da kullum take ɗaukewa, ran nan ko ƙiftawa ba ta yi ba.

A ƙarshe aka ritsa ɓarawon, aka danne shi a jikin mota. Abdoulaye ya maƙale murya kamar mai kuka: "Komisar, ka yi mini rai! Kai ni kaso Maradi, kar ka bar ni hannun ƴan kasuwa, kunne guda yar rage mini!"

Rumfar ta ɗauka da dariya gaba ɗaya. Wani ya kunna fitilar waya ya haska kan Mamani, wani daga baya ya fizge rawanin. Mamani bai dubi kowa ba sai Kausar. Ita kaɗai ce ba ta dariya, kunnen take kallo.

A bakin ƙofa suka tarar da Abdoulaye yana tauna goron. "Wasa ne, malam," ya ce. "Ka dawo kasuwa mai zuwa, wallahi kai ne komisar."

Suka tafi wajen moto. Mamani ya durƙusa gaban Kausar, yana neman ta inda zai soma maganar inji. Ba ta bari ya soma ba. Ta kama bakin rawanin da ke rataye a kafaɗarsa, ta ja shi ta rufe kunnen sosai, ba tare da ta haɗa ido da shi ba.

"Baba, ka ruhe," ta ce. "Mutane na kallonmu."

Da safe da suke zuwa Dakoro, da hannu biyu ta rungume cikinsa har suka iso. A hanyar komawa Sabon Maci, ƙarfen bayan moto ta riƙe.