Keken da Auta Ta Zaɓa

Masinja ya wuce 'yarsa a tsakiyar tudun, ya kaɗa mata ƙararrawa sau biyu.

"Auta, ko in ɗaura miki igiya in ja ki?"

"Baba, ka dai bi a hankali!" ta ce tana haki.

Bai bi a hankali ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kai takardun ofis a kan keke, har sunan aikin ya danne nasa na yanka. Yau kuma, a ƙasar da ko gaisuwarta bai iya ba, ƙafafunsa sun dawo masa. Kwana uku ke nan suna tafe, su goma sha biyu, daga wannan ƙauye zuwa wancan, gonaki a dama, kogi a hagu, motar mai hayar kekunan tana biye da su da jakunkuna.

Auta ce ta shirya hutun. Tun rasuwar mahaifiyarta take roƙonsa ya dawo wurinta, nan inda take aikin jinya, don sau biyu maƙwabta suna tsintarsa a faɗe a tsakar gida. Shi kuwa ya ce ba inda za shi ya bar kabarin matarsa. Da gardama ta yi tsawo, shi da bakinsa ya yanke magana: in ya gama wannan tafiyar ta kwana biyar bai sauka ya tura keke ko sau ɗaya ba, ta mayar da shi gida, kada ta sake tayar da zancen. In ya sauka, ya zauna.

A saman tudun suka yada zango a wani shagon shayi. Abokan tafiya suka tafa masa, wata tsohuwa har da latsa masa damtse. Ya yi dariya, ya zagaya baya neman famfo don ya yi alwala.

A can aka jingine kekunan. Mai haya yana tsugune gaban keken Masinja, nasa kaɗai, ya jawo wata waya daga mota ya soka a jikin ƙarfen. Wata 'yar fitila koriya tana ƙiftawa.

Masinja ya nuna wayar, ya buɗe tafin hannu. Mutumin ya yi murmushi, ya zare wayar, ya ɗaga tayar baya, ya juya feda da yatsa ɗaya. Tayar ta kama gudu da wata siririyar ƙara. Sai ya danna wani maɓalli a ƙarƙashin sirdi, fitilar ta mutu, ya sake juya fedar, wannan karon da hannu biyu yana nishin wasa. Ya nuna tagar da Auta take zaune, ya kai yatsa baki. A nan murmushin nasa ya tsaya, don ya ga fuskar tsohon.

Kwana uku Masinja yana jin wannan ƙarar. Ya ɗauka kunnensa ne. Ashe ɓoyayyen inji ne mai batir yake taya shi tuƙi.

Ya daɗe tsaye, ruwa yana zuba a famfo. Ta tagar ya hango ta, ta riƙe kofi da hannu biyu ba ta sha, ta zuba wa tebur ido. Ita ce fa mai son ya zauna. Har ɗaki ta gyara masa a gidanta, ta sa labule, ta sayo buta. Amma ta gwammace ta rasa shi da ta ga ya sauka a gaban mutane.

Ya yi sallarsa. Ya sha shayin da ta miƙo masa, ya ce sukari ya yi kaɗan, kamar kullum.

Bayan gada akwai wani tudun, bai ma kai na safe ba. Masinja ya bari kowa ya wuce, ya sa hannu ƙarƙashin sirdi ya danna.

Nan take keken ya yi nauyi kamar an ɗora masa mutum a baya. Ya taka. Ya miƙe tsaye a kan feda yadda yake yi da, yana karkata hagu da dama. Gwiwa ta ɗauki rawa, ƙirji ya ɗaure, hanyar ta fara yi masa biyu-biyu. Ya ce wa kansa ya kai wancan dutsen kawai. Ya kai. Ya ce ya kai wancan itacen. Bai kai ba. Ƙafarsa ta hagu ta taɓa ƙasa, ta dama ta biyo ta.

Auta ta gangaro da gudu, ta ja birki a gabansa.

"Baba, lafiya? Keken ne ya samu matsala?"

Hannunta ya nufi ƙarƙashin sirdin. Ya riƙe mata wuyan hannu, ba da ƙarfi ba.

"Keken lafiyarsa lau."

Ta dube shi, ta dubi fitilar da ta mutu, sai idonta ya cika.

"Ban gani ba, Baba. Wallahi ba wanda ya gani, duk sun sha kwana. Hau mu tafi."

"Ni na gani, Auta."

"Baba, don Allah..."

"Share fuskarki, ke da kike babbar ma'aikaciya." Ya jira numfashinsa ya daidaita. "In mun sauka ki kira kawunki. Ki ce ya je ya kwashe kajin nan ya kai gidansa, kada ya jira ni. Farar tana kan ƙwai, a ɗauke ta da kwandonta."

Ya kama ƙahon keken ya fara turawa. Ta tsaya kaɗan tana kallon bayansa, sannan ta sauko daga nata, ta turo shi ta gefensa.