Andrawus a Gindin Dutsen Kagoro

Shekara da shekaru Andrawus yana zuba kwal a injin jirgin ƙasa, kullum yana hango Dutsen Kagoro ta cikin hayaƙi, amma bai taɓa taka gindinsa ba. Da ya samu hutu bayan Kirsimeti, sai ya ce wa matarsa Irene ta ɗaura zanenta na coci, za su kallon dutse.

"Baban Hellen, dutse kuma? Ba ga shi muna gani daga bayan gida ba?"

Duk da haka ta soya musu gyaɗa. Suka hau bayan motar citta daga Kafanchan, ta yi ta jijjiga su har Kagoro. Suka ƙarasa da ƙafa, suka shiga wani kwazazzabo mai sanyi, inda duwatsu suka hau kan juna kamar tukwane a ɗakin girki. Andrawus ya dafa ɗaya, ya ji shirun wurin har cikin ƙirjinsa.

Irene ta cire takalmi, ta tsoma ƙafa a ruwan da ke gangarowa.

Da rana ta karkata ya ce, "Mu tashi ko?"

"Wa ke korar mu? Zauna tukuna."

Ya yi dariya, ya tuɓe nasa takalmin, ya zauna kusa da ita.