Gansakukar Femke

Da mahaifinsu ya rasu, Femke ta tuge tumatirin da ke rumfarsa ta gilashi a yankin Westland, ta jera bututan gilashi cike da ruwa da gansakuka, wadda ake tatsar roba daga jikinta. Ta yi shekaru tana renon wannan irin, kuma babu shi ko'ina sai nan. Yayanta Sjoerd ya zo taya ta murna da guduma.

"Dokta, gonar Baba kika mayar kwata?" Ya shiga farfasa bututan ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ka haukace ne? Ajiye!"

Ta ɗare bayansa, ta gatsa masa cizo a kunne. Ya maka ta da ƙasa, fasasshen gilashi ya tsarge mata cinya. Ni mijinta na yi abin da jami'a ta koya mini: na tsaya ina lura. Koren ruwa da jini suka nufi magudana tare.

Femke ta rarrafo, ta fizge filas ɗin gahawata, ta zubar da gahawar, ta kamfaci ragowar gansakukar kafin ta tsiyaye.

"Kira motar asibiti, sakarai," ta ce mini. "Amma fara kai gansakukar nan bakin taga, haske take so."