Gurbin Babban Yatsa

A layin Raon na birnin Manila, in ka tambayi mutum uku ko wane ne Mang Dencio, amsa uku za ka samu. Masu shagunan lasifika za su ce maka mutum ne da zai ƙwanƙwasa katakon jita da ɗan yatsa, ya faɗa maka ko a ɗaki ta yi zamanta ko a jirgin ruwa. Makaɗan otal, waɗanda suka taɓa kawo masa kayansu ranar da aiki ya yanke, cewa suke bakinsa da ɗaci amma ba ya cuta a ciniki. Aling Sabel kuwa, mai kunun shinkafa a ƙofar shagonmu, ta ce duk wannan surutu ne. Mutumin dai ba ya iya ganin tabo ya wuce, ko da a jikin teburinta ne.

Shekara ashirin da biyu na yi a ƙuryar shagon ina liƙa wayoyi da dalma, shi yana gaba yana saye da sayarwa, kuma na fi yarda da maganar Aling Sabel. Jitar bas kaɗai muke yi, mai tsirkiya huɗu masu kauri, duk ta hannu. Kowacce ta shigo hanya ɗaya take bi. A kwance ta, a goge wuyan da sanfefa, takardar nan mai kaushi, a cike duk wani rami, a shafa sabon mai, a ɗaura sabbin tsirkiyoyi. Mang Dencio yakan ce wanda ya ba da kuɗinsa bai sayi gumin wani ba.

Jita ɗaya ce a Manila da bai taɓa sa wa hannu ba, ta Mang Pisto. Tare suka yi kiɗa a Olongapo suna samari, kafin Mang Dencio ya ajiye kiɗa ya kama ciniki. Shi ne uban baftismar Minda, 'yar Mang Pisto, don haka Pare suke kiran juna. Jitar baƙa ce, ko kuma a da baƙa ce. Tun yana saurayi Mang Pisto ya sa filaya ya cire 'yan ƙarafan nan da ke gitta wuya suna nuna wa yatsa inda zai danna, ya bar katakon sumul. Mai irin wannan jita, hannunsa ne kawai jagoransa.

Ruwan damina ya shiga gidan Mang Pisto a Malabon har gwiwa, ga shi kuma za a yi masa aikin ido, ciwon suga ya daɗe yana cin ganinsa. Ya kawo jitar shagonmu a naɗe cikin buhun shinkafa.

"Pare, rataye min wannan a sama, inda ruwa ba ya kai."

"Wannan? Ai ko ruwan ma ƙyamarta zai yi."

"Ya yi dai. Ta fi ka farin jini."

"Sau nawa ka wanke ta tun da aka haifi Minda?"

"Sau nawa ka yi kiɗan da aka yi rawa tun da aka haife ka?"

Suka yi dariya, suka sha kofi a tsaye. Aka rataye ta can sama, kusa da fanka.

Wata biyu da tafiyarsa wani mutum ya zo daga Makati, irin masu tara tsofaffin jita a gida ba don su kaɗa ba. Ya nuna ta da makullin mota, ya taya. Mang Dencio ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ƙara, ya kuma ƙara, har ni da ke ƙurya na ɗago kai. Mang Dencio ya ce ajiya ce, ko da layin gaba ɗaya zai ba shi. Mutumin ya ji haushi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce shi dai ya yi mamaki, a ce a shagon da ake yabo ne aka rataye kaya da datti haka, kamar an tsinto a bola.

Wannan maganar ce ta zauna masa. Kwana uku yana ɗaga kai yana kallonta. A na huɗu ya hau benci ya sauko da ita.

"Temyong, riƙe min nan."

Na riƙe gangar jikin, ya kwance wuyan. Da ya kifa shi a kan tebur na ga bayansa. Man ya cinye a wurare huɗu ko biyar, katakon ya yi duhu ya ɗan loɓa, kamar matakalar tsohon coci. Na san babban yatsan mutum ne ya yi wannan cikin shekara arba'in. Na buɗe baki, sai na ga yadda yake fito yana zaɓar sanfefa.

"Zai dawo da sabbin idanu," in ji shi. "Bari abin da zai fara gani ya zama mai kyau."

Mako guda ya yi a kanta, kuma ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamar wannan ba.

Mang Pisto ya dawo wata safiyar Talata, da baƙin tabarau, hannunsa a kafaɗar Minda. Aikin bai yi ba. Amma bakinsa na nan. Tun daga ƙofa yake cewa warin man Mang Dencio ya isa ya kai makaho shagon ba ɗan jagora.

"Ninong," in ji Minda, haka take kiran Mang Dencio, "abokansa na da ne suka matsa masa. Za su yi kiɗa a bikin cocin unguwa ƙarshen wata, sun ce ba su yi sai da shi."

"Tsofaffi huɗu, haƙori bai kai talatin ba," in ji Mang Pisto. "Ba ni matata, Pare."

Mang Dencio ya ɗan tsaya da ya ga tabarau, amma ya riga ya kira maƙwabta su zo su ga kyauta. Masu lasifika biyu sun leƙo, Aling Sabel ta tsaya da ludayi a hannu. Na jona wayar jitar da lasifika. Ya ɗora masa ita a cinya.

Mang Pisto ya shafa gaban, ya shafa tsirkiyoyin. Sai ya zagaya da hannun hagu ya kama wuyan. Na ga babban yatsansa ya hau, ya sauko, ya sake hawa, kamar mai laluben makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba.

"Wannan ta wace ce?"

"Taka ce mana. Wanka kawai ta yi."

Ya fara wani tsohon kiɗan rawa da kowa a layin ya sani. Sautin farko ya faɗi ƙasa da inda ya kamata, ya ja yatsa ya gyara. Na biyu ya zarce. Duk inda ya danna sai ya lalubo, kuma mai bas ba shi da wannan lokacin, dole ya sauka daidai tare da ganga kafin kunnensa ya ji. Ya sake farawa. Ya kuma sakewa. Ɗaya daga masu lasifikar ya sunkuyar da kai ya koma shagonsa.

"Ina wurarena, Pare?"

"Waɗanne wurare? Ramuka ne, na gyara."

"Da su nake gani."

Da Mang Dencio ya yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma mutane na kallo, kuma aikinsa ne ake magana a kai.

"Jitar lafiyarta ƙalau," ya ce. "Hannun ne ya tsufa, Pare. Kowa da ranarsa."

Mang Pisto ya zare igiyar daga kafaɗa a hankali, ya miƙa jitar gaba, wajen da ya ji muryar.

"To riƙe. In ka samu mai saye, ka sayar. Minda, mu je."

Aka mai da ita kusa da fanka. Kwanaki Mang Dencio yana ba kowa labari ba a tambaye shi ba, cewa makaɗin kirki da kunne yake kiɗa, cewa kowane shago a Raon haka zai yi. Masu saye su gyaɗa kai su tambayi farashin wata. Aling Sabel ta daina ajiye masa kwanonsa a gefe, sai ya bi layi kamar kowa. Ni ma ina da nawa kason laifin, ni na riƙe masa.

Saura kwana goma biki Minda ta biyo daga wurin aiki. Ba ta zauna ba.

"Baba ya ce wa abokansa su nemi wani. Rediyo ma ya ce a kashe. Ninong, ban zo roƙo ba, na zo ne kawai ka sani."

Bayan ta tafi ya daɗe yana jera kwalayen tsirkiya da suke a jere. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka tuna inda wuraren nan nasa suke?"

"Huɗu ne ko biyar."

"Huɗu ko biyar?"

"Ban ƙirga ba, Mang Dencio."

Ya sauko da ita. A karon farko a rayuwarsa ya ɗauki sanfefa don ya ɓata abu. Ya rufe ido ya riƙe wuyan yadda yake tuna abokinsa na riƙewa, ya sa alli, ya goge, ya sake sawa. Ya tono tsofaffin tsirkiyoyin daga kwalin da muke tara wa masu gwangwan, ya mai da su. Kwana uku yana wannan, yana korar masu saye.

Ranar Lahadi bayan coci muka hau jifni, motar haya ta gari, zuwa Malabon, jitar a tsaye tsakanin gwiwoyinsa. Har yanzu akwai zanen ruwa a bangon gidan. Mang Pisto na zaune a bakin taga da singileti, kofi ya huce a gefensa.

"Warin mai," ya ce. "Ba a samu mai saye ba ke nan."

"Taɓa ka ji."

Bai so ba, amma hannun ya riga shi. Ya kama wuyan. Yatsan ya hau a hankali, ya faɗa gurbi na farko, ya tsaya. Ya wuce na biyu. Ya danna, ya ja tsirkiya ɗaya ba tare da waya ba, ya kawo kunnensa kusa da katakon. Ya yi ɗan murmushi da gefen baki.

"Ka sha wahala a nan."

"Ya yi?"

"Yatsanka ne wannan, Dencio. Kullum kana riƙewa sama da yawa. Tun a Olongapo nake faɗa maka."

Minda na tsaye a ƙofar kicin. Mang Dencio ya kalli jitar, ya kalli hannun da ke kanta, wanda bai sake ta ba tukuna. Ya jawo wata ƙaramar kujera ya zauna a gabansa, gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Ya cire hularsa, ko da yake mutumin ba zai gani ba.

"Hannunka bai tsufa ba, Pare. Na san haka tun lokacin da nake faɗa. Ajiya ka ba ni, na goge maka abin da ba zan iya mayarwa ba, sannan na ɗora maka laifin a gaban mutane. Ni na yi kuskure. Ka yafe mini."